Akwatin da Kawu Ya Yi wa Jirgi

Zuwa ga 'yata, malamar asibiti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kin isa wurin aikinki lafiya, kin kuma fara sabawa da mutanen can. Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da take tuna mini shekaruna duk sa'ad da zan hau bene. Uwargidana, Innarki, har yanzu tana gidan 'yar'uwarki tana taya ta renon jariri, ta ce sai yaro ya yi ƙwari za ta dawo. Ni kuwa ko oho, in yi ƙwari ko kada in yi.

Tunda kin ce a wurin da ake gina madatsar ruwan nan waya ba ta kamawa, ga ni na koma wa biro da takarda. Direban da ke kai muku kaya, wanda muke kira Sai-Gobe, shi zai riƙa kawo miki. Sunansa ya isa ya gaya miki halinsa, don haka kada ki ƙosa.

To, ga labarin amanarki. Jirgi yana nan lafiya. Har yau in na kira sunan sai na yi dariya, in tuna Ummanki, Allah Ya jiƙanta. Wa zai raɗa wa kunkuru suna Jirgi in ba ƙanwata ba? Sai dai zaman bene bai karɓe shi ba. Ya saba da tsakar gida da ƙasa da rana, ni kuwa ɗaki biyu gare ni da ɗan baranda, daɓen kuma sanyi ƙarara. Kullum sai na durƙusa na zaƙulo shi daga ƙarƙashin gado.

Shi ya sa na yi masa gida. Tsohon kabad ɗin Innarki na wargaza, na haɗa akwati mai faɗi, tsawonsa ya kusa kai gado. Na yi masa murfi, rabi katako rabi raga, na rataya ƙwan lantarkin da kika bari don ya riƙa jin ɗumi. Sannan na zo kan sana'ata. Akwai fentin mota kore da ya rage mana a gareji, irin mai kyan nan, sai na kai akwatin can na fesa masa ciki da waje, shafi kan shafi. 'Yata, in kin ga yadda yake ƙyalli sai ki rantse daga kamfani ya fito. Abokan aikina har cewa suke in sa masa taya. Yanzu yana baranda yana shan iska, Jirgi kuma yana cikin kwali yana jira.

Girki ne kawai ya gagare ni. Tun da Innarki ta tafi duk abin da na sa a baki kamar takarda nake taunawa, kada dai ki gaya mata, kanta zai kumbura. Shekaranjiya ma shinkafa na ɗora, na zauna kusa da ita ina jin rediyo, sai ga maƙwabciyarmu ta ƙasa, mai ɗinki, tana dukan ƙofa wai ƙauri ya cika mata shago. Ko da na buɗe tukunya, gawayi na tarar. Ta wanke ni tas, kamar ita ta saya mini shinkafar.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci a kan kari.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ya gwiwa, ya kewar Inna? Na karanta takardarka na sake karantawa, har abokiyar aikina ta tambaye ni abin da nake wa dariya. Ni lafiya lau nake. Aikin dai ɗaurin ciwo ne da zazzaɓi da masu tarin ƙurar siminti, daga safe har yamma ba zama.

Kawu, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Ban taɓa zaton za ka ɗauki wahalar yi wa Jirgi gida ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, ka yi haƙuri in faɗa. Kafin in taho na kai shi wurin likitan dabbobin da ke bayan tashar mota, ya kuwa ja mini kunne a kan fenti. Ban gaya maka ba don ban san za ka haɗa akwati ba.

Ya ce ƙirjin kunkuru ba irin namu ba ne, ko tari ba ya iya yi ya fitar da abin da ya shaƙa. Ga shi hancinsa yana dab da ƙasa, yini da kwana a wuri ɗaya. Fenti mai ƙarfi irin na mota ko na mai, ko ya bushe a hannu, yana daɗewa yana fitar da warinsa, ɗumin ƙwan lantarki kuma yana ƙara taso da shi, murfi ya tare shi a ciki. Ban da haka, ka san halin Jirgi da duk wani abu kore, ganye yake ɗaukarsa, zai yi ta gwaguyar bango. Likitan ya ce abin da ya fi shi ne a bar cikin akwati katako zalla, in kuwa dole sai an shafa, to fentin ruwa marar wari, a bar shi makonni a iska.

Don Allah kada ka sa shi tukuna. Ka kunna ƙwan, ka rufe murfin tun safe har la'asar, sannan ka buɗe ka sa kanka ciki. In ka ji ko da ɗan warin fenti ne, to bai yi ba.

Ba sana'arka nake koya maka ba, Kawu, wane ni. Tsoro ne kawai.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata, wadda ta zama malamar fenti,

Salamu alaikum. Lafiya ƙalau nake, Innarki ta aiko tana gaishe ki, jariri ya fara dariya.

Na ga wasiƙarki. Kin ce ba sana'ata kike koya mini ba, amma shafi guda kika cika da darasi. Tun kafin a haife ki nake riƙe da bindigar feshi. Motar da na fesa ba a kawo mini ita gyara, sai dai mai ita ya gaji ya sayar. Shi likitan naki ya san allura, ni na san fenti, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye miki ba.

Duk da haka don hankalinki ya kwanta na yi abin da kika ce, har na ƙara da nawa. Na kunna ƙwan tun safe, na rufe murfi, na lulluɓe ragar da bargo don kada iska ta fita. Da la'asar na ɗaga na zura kai har kafaɗa, na yi ta jan numfashi kamar mai neman ɓeran da ya mutu, har kaina ya fara juyawa saboda sunkuyo. Wallahi ko ɗis ban ji ba. Babu wari, babu ƙamshi, iska ce fes.

Saboda haka Jirgi ya shiga gidansa. Da farko ya yi ta yaƙushin bango yana neman hawa, baƙunta ce. Yanzu kuwa ya natsu, ya zaɓi lungun da ya fi nisa da ƙwan ya kwanta abinsa, yini guda ba ya ko motsi. Mai gida ya samu gida. Ci ne dai ya rage, latas ɗin da nake sa masa da safe nan nake kwashe shi da yamma. Idonsa kuma yana ɗan ruwa, na ce kewarki ce ta kama shi. Ina jin har da 'yar mura, don jiya na ga kumfa a hancinsa, in ya ja numfashi kuma yana ɗan fito kamar buta ta kusa tafasa. Canjin wuri ne, zai ware.

Ki kwantar da hankalinki, ki ji da marasa lafiyarki.

Kawunki, wanda bai manta aikinsa ba.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina lafiya. A tsaye nake rubutu, Sai-Gobe ya riga ya tayar da mota.

Don girman Allah ka ajiye takardar nan ka je ka fitar da Jirgi daga akwatin, ka dawo ka ƙarasa karantawa. Ba natsuwa ya yi ba, Kawu. Yaƙushin bangon nan gudu yake nema, lungun da ya zaɓa kuma nan ne warin ya fi sauƙi. Ruwan ido da kumfar hanci da fiton nan, ƙirjinsa ne ya kamu. Ka kai shi wurin likita yau, kada ka bari ya kwana.

Na yarda ka sa kanka cikin akwatin, na yarda ba ka ji komai ba, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba. Amma ka tuna shinkafar nan. Kana zaune kusa da tukunya tana ƙonewa ba ka ji ba, mai ɗinki ta ji daga ƙasan bene. Ka ce abinci ya daina yi maka ɗanɗano. Na san kana kewar Inna, amma ba ita kaɗai ba ce. A nan ina ganin irin haka ga mutanen da suka daɗe suna shaƙar abu mai ƙarfi a wurin aiki, hanci yana dushewa a hankali, mai shi bai sani ba. Jirin da ka ji ma ban yarda sunkuyo ne ya kawo shi ba. Kawu, ina tsoron hancinka ya daina ji. Kada ka yarda da ni, ka kira mai ɗinki ta ɗaga murfin ta gaya maka.

Gidan da Umma ta zauna an mayar wa masu shi, kayanta an raba. Jirgi ne kaɗai abu mai rai da ya rage wanda hannunta ya ciyar. In ya mutu ina nan nesa, ban san yadda zan yi da raina ba.

'Yarka.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni ga ni nan dai.

Sai-Gobe ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na tsare shi da tambaya, ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata a bakin gareji, ka karanta a gabansa, ka ninke ka sa a aljihu.

In maganata ce ta yi kaifi, na tuba. Kai ne uwata kai ne ubana yanzu, ban isa in raina ka ba. In kuwa Jirgi ne ya tafi kake jin nauyin gaya mini, ka faɗa kawai, zan ɗauka. Shirun nan ya fi kowane labari ciwo. Duk motar da ta tsaya a ƙofar asibiti sai na leƙa.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. Kafin komai, Jirgi yana da rai. Ki zauna ki karanta sauran a hankali.

Gaskiya ne na yi fushi. Na ce yau 'yar da na goya a kafaɗa ita ce take ce mini ba ni da hanci. Daga gareji ban zame ko'ina ba sai shagon mai ɗinki, ba don na yarda da ke ba, so nake in samu shaida in rubuto miki. Ta ajiye almakashi ta biyo ni tana mita. Tun daga bakin ƙofa ta toshe hanci da mayafi, da ta ɗaga murfin kuwa sai ta ja da baya tana tari, hawaye shaɓe-shaɓe.

Ta ce, "Malam mai fenti, a cikin wannan ka ajiye bawan Allah? Ai ko ƙadangare ba zai kwana nan ba!"

Na ce, "Wai da gaske kina jin wani abu?"

Ta ce, "Wani abu? Ni na zaci gareji ka dawo da shi gida. Kwana da kwanaki warin nan yana sauko mini, na yi shiru ne don kada ka ce na cika magana."

Na sa hannu na ɗauko shi. 'Yata, ya yi sakayau kamar ƙwarya, kansa a langaɓe, ko janye ƙafafunsa bai yi ba. A ƙasan bangon kuma ga wurin da ya gwaguye fentin har katako ya fito. Na naɗe shi a tawul, ban ko tsaya kulle ƙofa ba, ita ta kulle mini.

Likitan mutumin kirki ne, bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce ƙirjin ya kamu sosai. Ya yi masa allura, ya ce in riƙa kawo shi ana ƙarawa, in riƙa zaunar da shi a ruwa mai ɗumi kaɗan don ya sha, in ajiye shi inda iska ke ratsawa amma ba sanyi. Na tambaye shi ko zai tashi, ya ce, "Baba, ba zan yi maka alkawari ba. Ranar da ya buɗe baki ya ci da kansa, ranar za mu ce ya tsallake."

Da na dawo gida na rufe ƙofa na gwada kaina. Na buɗe kwalbar turaren Innarki na kai hanci, shiru. Na yanka albasa, ido ya yi ruwa, hanci ko a jikinsa. Na buɗe gwangwanin tina, ruwan da muke tsinka fenti da shi, wanda a da daga nesa yake sara mini kai, kamar ruwan randa na sunsuna. Na zauna a bakin gado na ji tsoro irin wanda na daɗe ban ji ba. Ban san ranar da abin ya tafi ba. Kuma da wannan hancin na rantse miki.

Abin da ya hana ni rubutu ke nan. Kunya ce, da kuma jiran in samu labari mai daɗi in haɗa miki. To, har yanzu bai ci ba. Kumfar ta ragu, ido ɗaya ya buɗe, amma in na sa masa ganye sai ya kau da kai. Da na ga wasiƙarki ta baya-bayan nan na gane shiruna ma wani ciwon ne, ki yafe mini.

Koren akwatin na mayar gareji, spana da guduma ake zubawa a ciki. Na sayi sabon katako na haɗa wani. Cikinsa ban taɓa shi da komai ba, ko da yake in na kalle shi tsirara haka hannuna har ƙaiƙayi yake. Waje kaɗai na shafa wa fentin ruwa, da yardar likita, na kai shi saman rufi yana shan iska. Mai ɗinki ta ce daga yau ita ce hancin gidan nan, babu mai shiga akwati sai ta sa hannu.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da jin kana lafiya. A bakin motar Sai-Gobe na karanta, na yi kuka har ya kashe mota ya fito yana ba ni haƙuri, ya zaci rasuwa aka yi.

Babu abin yafewa tsakanina da kai. Ka yi masa gidan ne da iyakar abin da ka iya, kuma ni ce na ba ka gwajin. Ka gaishe mini da mai ɗinki, ka ce na gode.

Saura kai. Na san wanzami ba ya son jarfa, amma ka je asibiti a duba hancin da ƙirjin, kuma kada ka ƙara fesa mota ba takunkumi a fuskarka, na gaske mai tace iska, ba ƙyalle ba. In ka ƙi, Inna zan rubuta wa, in kuma haɗa mata da labarin kabad ɗinta.

Jirgi kuwa, in ya yi zuciya Umma ba ta ajiye masa abinci a ƙasa. Zama take a gabansa ta riƙe yankan kankana a hannu, tana yi masa faɗa har ya karɓa. Ka gwada, faɗan ma na san ba zai ba ka wuya ba.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. Innarki ta dawo, ta buɗe tagogi duka, ta wanke labule, tana gaishe ki.

Na je asibiti, ba sai kin kai ƙarata ba. Ƙirji da sauƙi. Hanci kuwa sun ce wataƙila wani abu ya dawo in na daina shaƙa, wataƙila kuma ya tafi ke nan, na bar wa Allah. Takunkumi na saya, abokan aiki suka yi mini dariya kwana biyu, yanzu ɗaya daga cikinsu ya sayi nasa. Sabon akwati kuma sai da mai ɗinki ta yi ta mayar da shi saman rufi har ta gaji don kanta, sannan ta kunna ƙwan, ta sa kai, ta ce ya yi. Jirgi ya shiga, na zuba masa ƙasa mai kyau a ciki.

Kankana kuwa kullum da safe sai na zauna a gabansa na riƙe, shi kuma ya kalle ni ya kau da kai. Na yi faɗan, na yi lallashin, har na fara sarewa. Yau da hantsi na gaji, na ce masa, "Kai Jirgi, ka ji tsoron Allah. Wadda ta rene ka ta tafi ta bar ni, kai ma so kake ka tafi in rasa abin da zan gaya wa 'yarta?" Ina cikin maganar idona ya cika, ban ma lura ya miƙo wuya ba. Sai ji na yi caraf, ya haɗa da kankanar da yatsana ya datse.

Na yi ƙara, Innarki ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta tarar da ni jini yana ɗiga ina dariya ina kuka. Ya cinye yankan tas, na ƙara masa ya cinye, ya bi da ganyen latas. Na aika wa likita, ya ce to, ya tsallake.

In kin ga rubutun nan a karkace ki yi haƙuri, yatsan da nake riƙe biro da shi ne ya ciza, har yanzu a kumbure yake. Innarki ta ce in bari ya saɓe tukuna in rubuta, na ce wannan labarin ba zai kwana ba.

Kawunki.